Hoton Shafi Guda Ba Ya Isa Shaidar Asali

Masu binciken salsala a Amurka suna fama da wata matsala. Sai mutum ya ɗauko hoton shafi guda na wani tsohon littafi, ya ce ga kakanninsa nan, alhali babu bango, babu sunan mawallafi, balle shekarar bugu. To, wa zai tantance?

Abin gudun shi ne aikin irin su Gustave Anjou, mutumin Suwidin da ya mutu a 1942. Shekara da shekaru yana ƙaga wa attajiran Amurka asalin ƙarya yana karɓar kuɗinsu, har ƙaryar ta shiga littattafai. Shafin da aka ɗauko daga cikinsu kuwa kamarsa ɗaya da na gaskiya, sai an ga bangon littafin sannan a iya bin sawun inda marubucin ya samo labarinsa.