Ciwon Cikin da Dakarun Jiki Ke Hura wa Wuta

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata tsoka mai laushi, tsawonta kamar inci 6, likitoci na ce mata fankiriyas. Ita ke tsattsafo da ruwan da ke narka nama da mai a cikin hanji. Wannan ruwa ba ya aiki sai ya isa hanji. To, in tsakuwar matsarmama ta toshe masa hanya, ko giya ko yawan kitse a jini suka ɓata tsokar, sai ya farka tun yana gida, ya shiga cin mai shi. Hangum da tsutsar ciki su ma sukan jawo haka. Wani likita a birnin Farag, Hans Chiari, shi ya bayyana wannan cin kai a 1896.

Sa'an nan sai garkuwar jiki ta ji labari. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarunta. Suna isowa sai su saki waɗansu sinadarai cikin jini, tamkar an buga kuge ana kiran gudummawa. Daga nan kumburi ke tasowa. A cikin marasa lafiya 10, wajen 8 ƙura takan lafa musu cikin mako guda.

Ga sauran kuwa, kugen ba ya yin shiru. Dakaru su bazu ko'ina, jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya taru a huhu, fitsari ya ragu. In huhu, ƙoda ko zuciya suka kasa aiki har fiye da sa'a 48, ciwon ya zama mai tsanani, bisa ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012. Bayan haka dakarun su gaji, ƙwayoyin cuta su ƙetaro daga hanji su faɗa wa naman da ya mutu. Watau haɗarin biyu ne: na fari daga zafin garkuwa, na biyu daga rauninta.

Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙahon zuciya, ya ratsa har gadon baya, tare da amai. Mutum yakan ji dama-dama in ya sunkuya. Ɗan kasuwar Tsafe ko Bungudu da ya ɗauka gyambon ciki ne, ya tsaya shan jiƙo da maganin kemis, ya ɓatar da ranakun da suka fi amfani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Yariman Bakura, ya kamata a kai shi a auna jininsa. Maganin fari ƙarin ruwa ne ta jijiya, da kashe zafin ciwo, da ba shi abinci mara nauyi da zarar ya iya ci. In tsakuwa ce sanadi, akan cire matsarmamar don kada ciwon ya komo.