Gatse a Darasin Adabin Ingilishi

Daga cikin dabarun adon harshe da ake koyarwa a darasin adabin Ingilishi, waɗanda hukumomin WAEC da NECO kan yi tambaya a kansu, akwai masu sauƙin ganewa. Kamance, wato kwatanta abu da wani ta amfani da "kamar" ko "tamkar", alamarsa a fili take; siffantawa ita ce kiran abu da sunan wani kai tsaye, yadda ake ce wa jarumi zaki; mutuntarwa kuwa ita ce jingina halin ɗan Adam ga abin da ba mutum ba.

Wanda ya fi kayar da ɗalibai shi ne gatse, wato faɗin magana alhali akasinta ake nufi, domin ba shi da wata kalma da za a ja wa layi, sai an auna maganar da mai yin ta da kuma halin da aka yi ta a ciki. A shekarar 1729 Jonathan Swift, wani babban malamin coci a birnin Dublin, ya fitar da ɗan littafinsa A Modest Proposal ba tare da sa sunansa ba, inda ya kawo shawara cikin natsuwa, har da lissafin riba irin na masana tattalin arziki, cewa matalautan Ayalan su riƙa sayar wa masu hali jariransu 'yan shekara ɗaya domin a ci. Babu inda ya saki murya ya nuna wasa yake yi, kuma wannan daurewar ce ta kaifafa sukar da yake wa masu filaye da mahukuntan Ingila, waɗanda a ganinsa sun riga sun cinye iyayen.

Shakespeare ya gwama gatse da maimaici a wasan Julius Caesar. An bar Mark Antony ya yi jawabi a jana'izar Kaisar bisa sharaɗin kada ya zargi waɗanda suka kashe shi, sai ya dinga nanata cewa Brutus, ɗaya daga cikin makasan, mutumin kirki ne, yana kuma bin kowane yabo da hujjar da ke rushe shi, kamar yadda Kaisar ya ƙi karɓar kambin sarauta har sau 3. Kalmomin yabon ba su sauya ba, ma'anarsu ce ta yi ta juyawa har mutanen Rum suka tayar da tarzoma, Brutus da abokin makircinsa Cassius suka tsere daga birnin. Ɗalibin da ya rubuta cewa an yi maimaici a nan bai yi kuskure ba, sai dai rabin amsa ya bayar, tun da bai faɗi aikin da maimaicin ya yi ba.

Akwai kuma gatsen wasan kwaikwayo, inda 'yan kallo suka san abin da ɗan wasa bai sani ba. A ƙarshen Romeo and Juliet, 'yan kallo sun san maganin barci Juliet ta sha, amma wasiƙar da za ta sanar da Romeo haka ba ta isa gare shi a Mantua ba, don haka suna ji suna gani ya sha guba a gefen matarsa mai rai.