Masu Ƙera wa Guragu Babur a Kano

Duk mai bin titin Zariya da safe ta wajen Gyadi-Gyadi, ko mai fitowa daga Unguwar Gano zai nufi kasuwar Tarauni, ya saba ganin wannan babur: roba-roba ne mai ƙarin tayoyi a baya, matuƙinsa ya naɗe ƙafafu a kan katako, sandunansa na ɗaure a gefe, hannun dama a kan totur, na hagu yana jan wani dogon ƙarfe yana canza giya. Da ƙafa biyu baburin ya fito daga kamfani kamar kowane babur. A rumfar mai walda a nan Kano aka mayar da shi abin hawan mutumin da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa.

Sana'a ce ta mutum biyu, mai walda da bakanike, kodayake wani ogan ya haɗa duka. An fi son roba-roba saboda ba shi da kulocin hannu, ga shi gajere, mai jan jiki zai iya hawansa daga ƙasa ba tare da an ɗaga shi ba. Matsalarsa ita ce abubuwa uku da ƙafa ke yi: sa giya, taka birkin baya da buga kik. Aikin maƙerin shi ne ya ɗauke ukun nan daga ƙafa ya miƙa wa hannu. Sai ya yanko rodi ya jona a jikin giya ya tsayar da shi daidai inda hannu zai kai, ya yi wa birki irin wannan, sannan ya gyara sitata ko ya tsawaita kik ɗin yadda za a iya danna shi da hannu.

Tayoyin baya kuwa salo biyu ake yi. Wasu sukan bar tayar ainihi a tsakiya su ƙara biyu a gefe don riƙe babur kada ya faɗi. Wannan ya fi araha, amma idan aka shiga rami tayar tsakiya kan iya rataya a sama tana juyawa a banza. Wasu kuma sukan cire tayar ainihin baki ɗaya, su shimfiɗa ƙarfe mai ɗauke da taya biyu, su ja sarƙa zuwa kansa. Wannan ya fi tsada, ya kuma fi zama daram. Ƙarfen da ake aikin da shi da sauran tarkace galibi daga kasuwar Ƙofar Ruwa ake sayo su.

Inda ake gane gwani shi ne wajen awo. Babu nakasa biyu da suka yi daidai. Wani ƙafa ɗaya ce ta shanye, ɗayar tana iya taka birki. Wani duka biyun ne, har bayansa ya karkata. Wani kuma haɗarin mota ne ya raba shi da ƙafa bayan ya girma. Shi ya sa ogan kirki ba ya kunna injin walda sai ya zaunar da mai babur a kan kujera tukuna. "Malam, miƙo hannunka mu gani. Nan ya yi maka nisa?" Yaron shago na riƙe da rodin, oga yana sa alama da alli, a lanƙwasa, a sake gwadawa, har sai mai shi ya ce, "Yauwa Oga, nan ne daidai." Kuskuren ɗan yatsa biyu a tsawon ƙarfen birki na iya zama sanadin rai a gadar Dangi.

Cutar shan inna ce ta samar wa wannan sana'a yawancin masu buƙatarta. Kano ta daɗe tana fama da ita, kuma dakatar da allurar rigakafi da aka yi a jihar daga 2003 zuwa 2004 ya ƙara yawan yaran da suka shanye. Rabon da a sami ainihin ƙwayar cutar a Kano tun 2014, a 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ita daga Afirka. Amma yaran wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata masu neman makaranta da aiki da aure. Abin alfahari shi ne su kansu guragun ne suka shige gaba a wannan ƙira. Ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa a Kano, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya shahara da jagorantarta, ta yi suna da wurin aikinta inda guragu ke walda suna ƙera kekunan hannu, suna kuma koya wa na baya. Wanda ya san zafin jan jiki a kan kwalta da rana tsaka ba sai an yi masa dogon bayani a kan tsawon kujera ba.

Tuƙin ma ilimi ne. Babur mai ƙafa biyu kwantawa yake a kwana, wannan kuwa ba ya kwantawa, don haka wanda bai rage gudu ba tayar gefe za ta ɗaga ta kifar da shi. Faɗinsa ya hana shi kutsawa tsakanin motoci, kuma ba shi da giyar baya. Idan ya shiga lungun da ba ya ɓullewa sai an turo shi. Da damina, in ruwa ya rufe ramuka a unguwa, matuƙin ba shi da ƙafar da zai dafa ƙasa ya gwada zurfi.

Duk da haka, dubi abin da baburin ke yi. Da shi tela ke zuwa Kantin Kwari sayo yadi, da shi ɗalibi ke zuwa lacca, da shi magidanci ke kai ɗansa Asibitin Malam Aminu Kano cikin dare ba tare da ya tashi maƙwabci ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin bara da sana'a ba ta wuce abin hawa ba.

Sai dai sana'ar na jin jiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin babur da na ƙarfe da na man janareta suka tashi, har wasu suka jingine baburansu suka koma keken hannu. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika, amma har yanzu gurgu kan tuƙo kansa lafiya lau zuwa ƙofar ofis ko banki, matakala ta tsayar da shi.

Kira na ga masu hali da ke rabon kekunan guragu da azumi: ku ba maƙeran gida aikin, a auna kowa da jikinsa, kuɗin ya zaga a hannun masu sana'a. Gwamnati ta taimaka musu da wuta da kayan aiki da horo a kan ingancin walda. Kai kuma direba da mai adaidaita sahu, idan ka ga wannan babur a gabanka ka rage gudu, ka ba shi hanya. Neman halalinsa ya fito, kamar yadda ka fito.