Ko Kun Sani? Cin Ƙasa Ma Cuta Ce

Ko kun san cewa yaron da ya saba cin ƙasa, gawayi, toka ko alli yana iya kasancewa da lalurar da likitoci ke kira pika? Ba rashin ji ba ne, duka kuma ba ya maganinta.

• Likita ba ya tabbatar da ita sai yaro ya haura shekara 2 kuma ya shafe aƙalla wata 1 yana yi, domin jarirai dama komai suka samu baki suke kaiwa.

• Sau da yawa tana tafiya da ƙarancin jini. Shi ya sa ake duba cikin ido da tafin hannu, a auna jini, a gwada bayan gida. A garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, irin su Auyo, Guri da Kirikasamma, damshin ƙasa na raya ƙwayayen tsutsar ciki, wasu tsutsotsin kuwa jini suke sha.

• A duba kuma ko yaron ya rame. Ramar yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da awon dantse ake gane ta: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

• Budurwa ko saurayin da ke ƙin abinci alhali akwai shi, don tsoron ƙiba, ko yake jawo amai bayan ya ci, lalurarsa daban ce, tana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa.

Iyaye, in kun ga waɗannan alamu, ku garzaya Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa.