Bayani Kan Cinikin Kodin da Tiramadol a Nijeriya da Yadda Ya Shafi Lafiyar Jama'ar Kano

Kodin da tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, magunguna ne na kashe zafin ciwo, kuma a bisa ƙa'ida ba a sayar da su sai da takardar likita. Suna da amfani ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji ko mai sikila. Sai dai jiki yana saurin sabawa da su, ta yadda abin da ya isa jiya ba zai isa yau ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 irin waɗannan magunguna suka sha ba tare da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Jihar Kano an ƙiyasta masu shaye-shaye da kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Haka kuma ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu wannan ɗabi'a a ƙasar nan mace ce.

A ranar 1 ga Mayu, 2018, kwana ɗaya bayan wani rahoton bincike na BBC da ya nuna yadda kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ce kuma ƙasar Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol. Waɗannan matakai sun rage abin da ke bi ta hanyar halal, amma cinikin bai mutu ba, hanya kawai ya sauya. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, alhali wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225 ko 250. Daga baya kuma wasu ƙwayoyi da aka haɗa tafentadol da karisofirodol suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, har Indiya ta haramta wannan haɗin a Fabrairun 2025. Saboda haka littafin cinikin kantin magani ba ya nuna ainihin yawan abin da jama'a ke sha.

Wannan magana ta shafi yankunan masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai kai tsaye. Nan ne matasa daga ƙauyuka ke zuwa cin rani: wasu a kamfanonin jima da na roba, wasu dako da lodin manyan motoci, wasu aikin dare. Da yawan waɗanda suka faɗa wannan hali ba neman maye ne ya kai su ba. Gajiya ce da ciwon baya, sai wani abokin aiki ya ce ga abin ƙara ƙarfi. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya take yi, kuma mai aiki kusa da inji alhali hankalinsa ya dushe yana cikin haɗarin rasa yatsa ko hannu. Tiramadol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma danne numfashi har ya kai ga mutuwa, musamman idan an haɗa shi da maganin barci. Idan damina ta faɗi, yaron ya koma gida da ɗabi'ar, ya kuma koya wa abokan noma.

Dangane da tushen kayan, an buɗe cibiyar sayar da magunguna ta sari a Dangwauro, kan hanyar Zariya, a 2023. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da Hukumar Kula da Harkar Magunguna ta Ƙasa suka rufe shaguna sama da 1,300 a Sabon Gari da kewaye domin dillalai su koma can, inda za a iya bin sawun kowane kwali.

Abin da ya rage shi ne ƙaramin kemis na ƙauye da mai tallan magani a faranti ranar kasuwa, kuma a nan ne aikin hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi yake. Lasisin mai kemis bai ba shi ikon ajiye waɗannan magunguna ba. Duk wanda aka gani yana sayar da su, a sanar da NDLEA ko NAFDAC. Amma kada tsoro ya sa a hana majinyaci na gaskiya abin da likita ya rubuta masa, domin masu ciwon daji da dama a ƙasar nan suna shan azaba saboda ƙarancin mofin a asibitoci.

Wanda ya riga ya saba kuwa majinyaci ne, ɗauri da mari da duka ba sa warkar da shi. Dainawa farat ɗaya takan kawo zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, don haka a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitoci za su lura da shi. Idan kuma aka tarar da mutum ya sume, numfashinsa yana fita da ƙyar, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalin abin da ya sha.