Masu Ƙirga Raƙuman Dawa a Kure

A 1996, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, kuma dukkansu a yankin Kure suke, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Masana halittu ne suka bi daji suka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙidayar nan ita ce kashin bayan sana'arsu har yau.

Da damina ake yin ta, lokacin da dabbobin ke taruwa a kan tudu cikin geza da sabara. Mai bincike kan fita da sassafe tare da ɗan jagora na ƙauyen, wanda ya san sawu da makwanci. In an ci karo da garke, sai a ɗauki hoton kowane raƙumi ta dama da ta hagu, domin dabbare-dabbaren jikin kowanne daban ne, kamar zanen yatsa. Ƙaho ma kan taimaka: na namiji sanƙo gare shi, na mace kuwa da ɗan gashi a kai. Da dare sai mai binciken ya baje hotuna yana gwada su da kundin bara. Wannan ta haihu, wancan an neme shi an rasa. Aiki ne mai cin rai, amma da shi aka tabbatar sun haura 600.

Ni dai a ganina, wuyar sana'ar tana ƙauye. Da rani raƙuman kan gangara kwarin Dallol Boso don ganyen gawo, sannan suna yi wa manoma ɓarnar wake da mangwaro. Mutumin da aka cinye masa gona ba ruwansa da lissafin kundi, kuma yana da gaskiyarsa. Dole masani ya zauna da shi a kan tabarma ya ji kukansa, ya kuma yi magana da masu saran itacen da ake kai wa Yamai, tunda abincin dabbar ne ke tafiya a mota.

A 2018 an kwashi raƙuma takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800, don kada annoba ko fari su same su duka a wuri guda. Harin da aka kai a Kure a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayuka takwas har da ɗan jagora, ya sa shiga Kure ya yi wuya, nauyin sa ido ya ƙara komawa kan ma'aikatan gandun daji da 'yan jagoran yankin.