Jiyya da Iskar Oksijin Mai Matsi: Amfaninta da Haɗarinta ga Huhu

Kashi 21 ne kacal cikin 100 na iskar da muke shaƙa yake oksijin. To, akwai wata hanyar jiyya wadda akan shigar da majiyyaci cikin wani ɗaki, a rufe ruf, a ƙara matsin iskar ciki har ya ninka na waje sau 2 ko 3, sa'an nan a ba shi oksijin zalla ya shaƙa na minti 90 zuwa 120.

Hikimar abin ita ce, gwargwadon matsi, gwargwadon oksijin da ke narkewa cikin ruwan jini. Bisa al'ada mililita 0.3 ce cikin kowace mililita 100 ta jini. In matsi ya ninka sau 3, takan kai wajen mililita 6. Da wannan ake agazar masu nutso cikin teku da suka taso da gaggawa, da masu gyambon ciwon sukari, da wanda hayaƙin gawayi ko na janareto ya bugar a rufaffen ɗaki.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Cikin 1878 Paul Bert, Bafaranshe, ya nuna cewa oksijin mai matsi yana sa dabbobi farfaɗiya. Cikin 1899 kuma Lorrain Smith ya gano cewa daɗewa ana shaƙarsa yana kumbura huhu. Alamun farko su ne tari da zafin ƙirji, daga nan yawan iskar da huhu ke iya ɗauka ya ragu. Don haka akan dakata wa majiyyaci na kamar minti 5 ya shaƙi iskar da aka saba. In an kiyaye wannan ƙa'ida, illar kaɗan ce, kuma galibi takan wuce.

Haɗari mafi girma ga huhu shi ne iskar da ta maƙale tsakaninsa da bangon ƙirji. Da an fara rage matsi sai ta buɗe, ta danne huhu da zuciya. Mai wannan larura ba a shigar da shi sai an fitar da iskar. Ciwon kunne shi ya fi yawan aukuwa. Gobara kuwa ita ce ta halaka mutum 11 cikin irin wannan ɗaki a birnin Milan na Italiya cikin 1997.

Saboda haka, jama'a, oksijin magani ne mai awo kamar sauran magunguna, kuma bai kamata kowa ya shiga ɗakin nan ba sai likita ya duba ƙirjinsa tukuna.